Yaron da ya gagari gida: yadda masana ke jinyar damuwa da rashin ji a yara da matasa

Akwai maganar da ake yawan ji a gidajenmu idan yaro ya fi ƙarfin iyayensa: "Mun yi faɗa, mun yi duka, mun yi addu'a, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa." Daga nan shawara takan rabu. Wani ya ce iska ce, a kai shi ruƙiyya. Wata ta ce sangarta ce, uwar ce ta ɓata shi, a tura shi riƙo wajen baffansa mai zafin hannu. Wani kuma ya kawo sunan wani gidan mari. Da wuya a sami wanda zai ce a kai shi asibiti, domin a tunanin yawancinmu asibitin ƙwaƙwalwa na wanda ya yaga riga ya shiga kasuwa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larura da ta shafi tunani ko hali, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori sukan fara tun mutum bai wuce shekara 14 ba. A ajin sakandaren gwamnati mai ɗalibai 70, mutum goma ke nan. Ba duka goman ne ke fasa tagar aji ba. Akwai yaron da ke amayar da abin da ke cinsa, da faɗa da ƙarya da ɗauke-ɗauke da ƙin bin umarni. Akwai wanda ke haɗiye nasa, ya koma masa tsoro da ƙunci da rashin barci da ciwon cikin da awo ba ya nuna komai. Na farko har maƙwabta sun san da shi. Na biyu sau da yawa yabonsa ma ake yi: "Ai wance akwai haƙuri, ko magana ba ta dame ta ba."

Ƙwararren da ya san aikinsa yakan fara da tambayoyin da iyaye ba su zata ba. Kunnen yaron ya taɓa zubar da ruwa? Yana ganin allo? Yakan yi ɗif na 'yan daƙiƙoƙi yana kallon wuri guda, wanda wani nau'in farfaɗiya ne da ba ya kayar da mutum? Ya taɓa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ya kai shi ga suma da jijjiga, irin wanda kan bar wa wasu yara matsalar natsuwa da karatu bayan an warke? Wa ya rasu, wa aka saka, wa aka kawo gidan kwanan nan? Akwai wanda ke taɓa shi a ɓoye? Yaro kan sha dukan "rashin ji" shekara uku a makaranta, alhali rashin jin nasa na kunne ne.

Idan yaro ƙarami ne, iyaye ake koya wa

Hanyar da ta fi ƙarfin hujja wajen gyaran ƙiriniya da taurin kai a ƙananan yara ita ce horar da iyaye, kuma wannan kan ɓata wa iyaye rai da farko: mun kawo yaro, an ce mu za a zaunar. Asalin abin daga wani masani ne a jihar Oregon ta Amurka, Gerald Patterson. Shi da abokan aikinsa, tun shekarun 1960, sukan shiga gidajen mutane su zauna a gefe suna rubuta abin da ke gudana tsakanin iyaye da yara dalla-dalla. Abin da suka gano, duk uwa za ta gane shi.

Magariba ta kawo jiki, uwa na gaban murhu, ɗanta ɗan shekara biyar ya ɗauki wayarta.

"Kai, ajiye wayar nan ka je ka yi wanka."

Shiru.

"Ba da kai nake ba?"

Ta faɗa na uku, na huɗu, murya na ƙara tashi. A na biyar ta taso ta fizge wayar. Yaro ya zube ƙasa yana birgima yana kurma ihu. Tuwo na neman kamawa, maigida na gab da shigowa. Daga ɗaki kaka ta ɗaga murya: "Ke, wai me kika yi wa mijin nawa ne? Ba shi abin nan mana mu huta." Uwa ta miƙa masa: "Ungo, jarababbe." Kuka ya tsaya cak.

A minti biyar ɗin nan kowa ya koyi wani abu. Yaro ya gane maganar Umma ta farko da ta biyu ba abin saurare ba ce, kuma ihu na dawo da waya. Uwa ta gane sakar masa abu na sayo mata shiru. Gobe in ta dage, zai ƙara ƙarfin ihun tunda jiya ya biya. Ranar da ta gaji ta kai masa duka ya yi tsit, sai ta ƙudurta cewa duka kaɗai yake ji. Haka suke horar da juna a kan tsanani, kullum sau da dama, ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Horar da iyaye warware wannan ƙulli ne. A tsarin da Sheila Eyberg ta ƙirƙiro a shekarun 1970 don 'yan shekara 2 zuwa 7, uwa na wasa da ɗanta a ɗaki, mai jinya na kallo ta bayan gilashi, yana yi mata raɗa ta wata 'yar na'ura da ke kunnenta. Rabin farko na horon babu maganar ladabtarwa ko kaɗan. Ana ba ta aikin gida na minti biyar kullum: ta zauna ta yi wasan da yaron ya zaɓa, ba umarni, ba tambaya, ba gyara, sai dai ta riƙa faɗin abin kirkin da ta gani da sunansa. "Na ji daɗi da ka ba ƙanwarka motar nan" ya fi "yaron kirki" amfani, domin ya san takamaimai abin da zai maimaita. Dalilin farawa da wannan shi ne, yaron da ya saba ba a kula shi sai ya yi ɓarna, ɓarnar ce hanyarsa ta samun uwarsa.

Sai a rabi na biyu ake koyar da umarni. A taso daga inda ake, a je kusa da shi, a faɗi abu ɗaya tak, kuma a faɗi abin da ake so ya yi: "Sauko ka zauna a tabarma" maimakon "Ka daina!" A jira daƙiƙa biyar. In ya yi, a yaba. In ya ƙi, gargaɗi ɗaya, sannan hukuncin da ya riga ya sani, kamar zama a kujera a gefe na minti uku, ba zagi ba tsawa. Ƙananan abubuwa irin su tsaki da ƙunƙuni da birgima, a kawar da kai. Wurin da yawancin iyaye ke karaya shi ne makon farko, domin abin ƙaruwa yake yi kafin ya ragu. Yaron da ihu ya saba biya masa buƙata, in ya ga bai yi aiki ba, ƙara murya zai yi. In aka sakar masa a wannan gaɓa, an koya masa cewa ihun jiya ne bai kai ba.

A ganina nan ne tsarin da aka gina a gidan uwa da uba da 'ya'ya biyu yake cin karo da gidan Bahaushe. Uwar da ke yi wa ɗan farinta alkunya, ko sunansa ba ta kira, ta yaya za a ce ta zauna a tsakar gida tana yabonsa gaban surukarta? Ga kuma tsoron da muka gada cewa yabon yaro a gabansa na fasa masa kai. Sannan umarni a gidanmu ba daga baki ɗaya yake fitowa ba: ga kaka, ga abokiyar zama, ga goggo, ga yayye, kowa da dokarsa. Duk mai jinyar da ya horar da uwa ita kaɗai ya sallame ta, ya tura ta ne ta je ta yi faɗa da gida guda. Sai an jawo kakar nan ciki, an ba ta girmanta, an ce, "Hajiya, ke ce za ki riƙa duba mana ko ana bin tsarin." In aka samu haka, yawan mutanen gidan ya zama riba, domin minti biyar ɗin wasan ko yayarsa ma za ta iya yi ranar da uwa ba ta da sarari.

Kada a ce abin na Turawa ne masu ɗakin gilashi. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da wasu jami'o'i, ciki har da Oxford da ta Cape Town, sun tsara wani shirin horar da iyaye mai araha don ƙasashe irin namu. An gwada shi a lardin Gabashin Cape na Afirka ta Kudu da iyalai 552 a garuruwa da ƙauyuka 40, ma'aikatan unguwa ne suka jagoranci zama 14, iyaye da matasansu tare. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna raguwar cin zarafin yara a gida da ƙaruwar sa ido a kansu.

Duka fa? A 2016 Elizabeth Gershoff da abokin aikinta sun tattara binciken kusan shekara 50 da ya shafi yara sama da 160,000. Sun tarar yawan duka na tafiya tare da ƙarin faɗa da bijirewa da damuwa, kuma ba su ga alamar yana ƙara biyayya mai ɗorewa ba. Gaskiya ne yaro mai fitina ya fi jawo duka, don haka ba duk laifin za a ɗora wa bulala ba. Amma mai cewa "mu ma an dake mu, ga mu nan" ya manta da sa'anninsa da aka daka tare da shi waɗanda ba ga su nan ba.

Yaro mai rawar kai da rashin natsuwa fiye da kima, wanda likitoci ke kira ADHD, lamarinsa ya ɗan bambanta. Ba a yanke hukuncin larurar sai alamun sun wuce wata shida, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. Wani babban gwaji a Amurka da Kanada da yara 579, wanda aka fitar a 1999, ya nuna magani irin Ritalin, in likita na bibiya sosai, ya fi horon hali kaɗai rage ainihin alamun cikin wata 14, ko da yake tazarar ta dushe a shekarun da suka biyo. Ga 'yan shekara 4 da 5, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a fara da horar da iyaye. Maganin na rage cin abinci da barci, kuma ba abin saye a kemis ba ne.

Tsoro da ƙunci

Yarinya 'yar aji ɗaya a ƙaramar sakandare, duk safiyar Litinin sai ciwon ciki. An yi awon taifot, an sha maganin olsa. Ran Juma'a da yamma ciki ya lafa. Uwa ta tausaya: "Ƙyale ta ta huta yau." Da jin haka ƙirjin yarinyar ya saki, kuma wannan sauƙin da ta ji shi ne tarkon. Duk ranar da ta guje wa makaranta ta samu sa'ida, tsoron ya ƙara kafuwa, domin ba ta taɓa tsayawa ta ga cewa abin da take gudu bai faru ba.

Hanyar da aka fi amfani da ita nan ita ce gyaran tunani da ɗabi'a, CBT a bakin likitoci, wadda ta samo tushe daga aikin Aaron Beck a birnin Filadelfiya na Amurka a shekarun 1960. Ana koya wa yaro ya gane alaƙar abin da zuciyarsa ke raya masa, da abin da jikinsa ke ji, da abin da yake aikatawa. "In malama ta tambaye ni na kasa, kowa zai yi mini dariya." Sau nawa hakan ya faru? Da wance ta kasa, kwana nawa aka yi ana maganar? Amma ƙashin bayan jinyar shi ne tsani. Yarinyar da mai jinya su jera abubuwan da take tsoro daga ƙarami zuwa babba, ta ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. Yau ta sa kayan makaranta ta zauna a gida. Gobe a raka ta bakin ƙofar makaranta. Jibi ta zauna darasi ɗaya, sannan har lokacin tara, har ranar da za ta ɗaga hannu a aji da kanta. Ba a tura ta da ƙarfi, ba a kuma bari ta sauka daga mataki tun tsoron bai lafa ba. Sharaɗin farko dai shi ne a tabbatar tsoron ba na gaskiya ba ne. In wani malami ke zane ta, ko wani ke tare ta a hanya, wannan mutumin za a yi maganinsa.

A gwajin da aka fitar a 2008 da yara 488 masu fama da fargaba a Amurka, kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa CBT kaɗai sun samu sauƙi sosai, masu shan maganin Zoloft kaɗai kashi 55, waɗanda aka haɗa wa biyun kashi 81, masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta kashi 24. Wani abin sha'awa kuma, Eli Lebowitz na jami'ar Yale ya gwada jinyar da yaron ko zuwa ba ya yi. Iyaye ake koya wa su rage lallaɓar tsoron, irin su amsa masa tambaya ɗaya sau ashirin ko yin magana a madadinsa gaban baƙi, tare da nuna masa sun san abin da wuya kuma sun yarda zai iya. A cikin yara 124, sakamakon bai gaza na CBT ba.

Ciwon damuwa ya fi taurin kai. A matasa sau da yawa ba da kuka yake zuwa ba, da saurin hasala yake zuwa, da rufe ɗaki, da faɗuwa a jarrabawa, da barin abokai. Jinyar takan fara da mayar da matashin kan ƙananan ayyukan da ya saki, ƙwallon yamma ko zuwa Islamiyya ko ɗinki, tun kafin ya ji yana so, domin jin daɗin yakan biyo bayan motsin. A gwajin 2004 da matasa 439, haɗa maganin Prozac da CBT ya taimaki kashi 71, maganin kaɗai kashi 61, CBT kaɗai kashi 43, ƙwayar banza kashi 35. A shekarar ce kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kwalayen irin waɗannan magunguna, saboda a wasu yara ƙalilan tunanin kashe kai kan ƙaru a makonnin farko. Shi ya sa ba a ba yaro maganin a ce ya dawo bayan wata uku.

Kusa da gida, a sansanonin gudun hijira biyu a arewacin Yuganda, an gwada zaman rukuni da matasa 314 inda ake tattauna rashi da saɓani da kaɗaici. Sakamakon 2007 ya nuna 'yan mata sun samu sauƙi sosai, samari kuwa ba a ga bambanci a fili ba. A kudu maso yammacin Najeriya, Tolulope Bella-Awusah da Farfesa Olayinka Omigbodun ta Jami'ar Ibadan da abokan aikinsu sun gwada zama biyar kacal na CBT a makaranta da ɗalibai 40, aka ga damuwarsu ta ragu. Gwajin ƙarami ne, amma namu ne.

Kada kuma a yi wa jinyar da ake yi ta hanyar tattaunawa kirarin da ya fi ƙarfinta. John Weisz na jami'ar Harvard ya haɗa bincike 447 na shekara 50, ya tarar amfaninta matsakaici ne: ta fi ƙarfi a kan fargaba, ta fi rauni a kan ciwon damuwa.

Yaran da suka ga abin da bai kamata su gani ba

Daga Chibok a 2014 zuwa Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024, ga dubban da ba a san sunan ƙauyukansu ba, muna da yaran da suka kwana a daji da bindiga a kansu. Ga kuma waɗanda aka yi wa fyaɗe aka rufe maganar don gudun abin kunya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: ƙarar babur ta sa yaro ya shige ƙarƙashin gado, mafarki ya hana shi barci, ɗan shekara tara ya koma fitsarin kwance. Abin da muka saba faɗa shi ne, "Ka manta, ya wuce, kar ka ƙara tayar da maganar."

Jinyar da Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger suka tsara ta bi akasin haka, amma da tsari. Makonnin farko ba a taɓa labarin. Ana koya wa yaro da mai riƙonsa cewa firgitar ba hauka ba ce, ana koya masa numfashin kwantar da jiki da sanya wa abin da yake ji suna. Sai ya samu ƙafar tsayawa sannan ya fara ba da labarin kaɗan-kaɗan, da baki ko da zane, har ya zama abin da zai iya tunawa ba tare da jikinsa ya ɗauka yanzu yake faruwa ba. A nan ake tono ƙayar da ta fi zurfi: "Ni na jawo, da ban je ɗiban ruwa ba." A ƙarshe ya karanta wa uwarsa ko kakarsa labarin, bayan an shirya ta yadda za ta saurara ba tare da ta rushe da kuka ko ta ɗora masa laifi ba. A birnin Lusaka na Zambiya an koya wa mutanen gari da ba likitoci ba wannan hanya, suka yi aiki da yara 257. Sakamakon 2015 ya nuna alamun firgita sun ragu da kusan kashi 82, a rukunin yaran da ba a yi wa wannan jinya ba kuwa kashi 21. Wannan ya sha bamban da tara yara washegarin sakinsu a sa su ba da labari gaban manyan baƙi da kyamara.

Ƙaramin yaro da bakinsa bai kai ba, da wasa yake magana, don haka masu jinya kan ajiye 'yartsana da laka da fensir mai launi. Sai dai wasa shi kaɗai ba magani ba ne. A gwajin Yuganda ɗin nan akwai rukunin da aka yi wa wasanni kawai, kuma damuwarsu ba ta ragu ba.

Saurayin da ya fara kwana a waje

Idan yaro ya kai shekara 15 ya shiga shaye-shaye ko daba, kujerar minti uku ta wuce. Hanyoyin da suka fi tasiri a wannan mataki na iyali ne gaba ɗaya. A tsarin da Scott Henggeler ya ƙirƙiro a Amurka, mai jinya ne ke zuwa gida, wata uku zuwa biyar, ana iya kiransa dare da rana, yana aiki da iyaye da makaranta, yana bin diddigin su wa yaron ke zama da su, ƙarfe nawa yake shigowa, wa ke ba shi kuɗi. Ya yi nasara a gwaje-gwaje da dama a Amurka, amma da aka gwada shi a Ingila da iyalai 684, sakamakon 2018 bai nuna ya fi kulawar da aka saba bayarwa a can ba.

Abin da hujja ta fi fitowa fili a kansa shi ne abin da ba ya aiki. A shekarun 1970 wani kurkuku a jihar New Jersey ya fara shirin kai kangararrun yara su ga fursunoni, a yi musu tsawa a tsorata su. Jama'a suka yi ta yabo. Da Anthony Petrosino ya tattara gwaje-gwaje tara na irin wannan shiri, sai ya tarar yaran da aka tsorata sun fi waɗanda aka ƙyale aikata laifi daga baya. Thomas Dishion da abokan aikinsa kuma sun nuna a 1999 cewa tara matasa masu matsala wuri guda kan iya ƙara lalata su, domin junansu suke koya wa. Bahaushe ya riga su: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Duka biyun, tsoratarwa da tarawa, su ne jarin gidan mari. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da sama da mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, ciki har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala, kuma a watan da ya biyo baya aka bankaɗo wani a Daura. Ba na zargin iyayen da suka kai 'ya'yansu can da mugunta. Yawancinsu sun ƙure ne, kuma ba wanda ya nuna musu wata ƙofa.

Matashiyar da ke yanka jikinta ko take cewa gara ta mutu, wannan na gaggawa ne, kuma tambayarta kai tsaye ba ya sa mata tunanin a rai. A kawar da magunguna da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannunta zai kai, a kai ta asibiti ranar. Akwai jinyar da Marsha Linehan ta ƙirƙiro, aka daidaita ta don matasa, mai koyar da yadda za a jure tashin zuciya har ya wuce ba tare da an cutar da kai ba, iyaye na zama a ajin tare da 'ya'yansu. Gwaji a birnin Oslo na ƙasar Norway da matasa 77 ya nuna ta rage cutar da kai.

Ina za a nufa

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Amma ƙwararrun da suka karanci ɓangaren yara 'yan ƙalilan ne, kuma ba za su taɓa isar mu ba. Shi ya sa darasin Zambiya da Yuganda ya fi komai muhimmanci gare mu: malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, in an horar da su ana kuma duba aikinsu, za su iya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari don 'yan shekara 10 zuwa 15, zama bakwai na yara da uku na iyaye, wanda aka yi shi musamman don irin waɗannan ma'aikata.

Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, tunda an umarce mu da neman magani. Inda za a ja layi shi ne duka da ɗauri da turara wa yaro hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko cewa a zubar da maganin likita.

Duk wanda aka kai wa yaro, iyaye na da damar tambayarsa wace hanya zai bi, zama nawa ake tsammani, mene ne aikinsu a gida, kuma da me za a gane ana samun sauƙi. Yawancin hanyoyin nan ba sa wuce wata uku zuwa biyar. In matashi ne, za a gan shi shi kaɗai na wani lokaci, kuma ba duk abin da ya faɗa za a kwashe a gaya wa iyaye ba, sai wanda ya shafi hatsari ga rayuwarsa ko ta wani. Uba ya daure ya je, ko da zama biyu ne. Kafin ranar ganin likita, a sami littafin rubutu na makaranta a yi mako biyu ana cika shi: rana da lokaci, me ake yi kafin abin ya tashi, me yaron ya yi, su wa ke wurin, me aka yi masa, da kuma yadda aka ƙare. In uwa ba ta rubutun boko, ta yi da ajami, ko yayarsa ta rubuta mata.